Ladabin Tambaya: Nasiha ga Matasan Mainika Masu Mu'amala da Na'ura

Ƙannena na Mainika da Getso da Lakwaya da Kutama, da 'yan'uwanku na Garo da Gude da Durun a ƙasar Kabo, maganar da zan yi da ku a kan tambaya ce. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, abubuwan da iyayenmu suka saba yi da takarda da biro suke ta komawa cikin na'ura. Jarrabawar JAMB tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta, rajistarta ba ta yiwuwa sai da lambar NIN, cire kuɗi da tura su sun koma hannun masu POS a bakin kasuwa, wasunku kuma sun fara koyon gyaran waya ko rubuta manhaja. Duk wanda ya shiga wannan harka, wata rana na'ura za ta cije masa, dole ya nemi wanda ya fi shi sani. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai akwai matasa da yawa da suka yi tambaya aka yi musu shiru, suka koma gefe suna cewa masana girman kai ne da su. Abin da nake so in nuna muku shi ne, mafi yawan tambayoyin da ake yin shiru a kansu, masu su ne ba su sauke nasu rabon aikin ba kafin su kai su gaban masani. Warware matsala aikin mutum biyu ne, kuma rabin farko yana wuyan mai tambaya.

Ku fara duba halin wanda kuke tambaya. Ko dai mai gyaran waya ne a cikin Gwarzo, ko wani ɗan garinku da ke da shago a kasuwar Farm Centre a Kano, ko yayarku da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Bayero. Kowannensu yana da aikin da ke gabansa, kuma ba wanda yake biyan sa ladan amsa muku. Haka abin yake a duniya baki ɗaya. Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991, wadda kuma a kanta aka gina Android ɗin da ke cikin mafi yawan wayoyinku, ta girma ne da gudummawar dubban mutane, da yawansu suna yi ne don sa-kai. Irin waɗannan mutane sun daɗe da gane cewa abin da ya fi ƙaranci a wurinsu shi ne lokaci. Wani marubucin manhaja ɗan Ingila, Simon Tatham, ya yi rubutu na musamman a 1999 a kan yadda ake kai rahoton matsala, saboda yawan masu aiko masa da cewa abu ya ƙi yi ba tare da ƙarin bayani ba. Dalilin a fili yake. Tsakanin Gwarzo da birnin Kano akwai tafiyar kusan kilomita 70, wanda ka tura wa saƙo ba ya ganin wayarka, bai san abin da ka danna ba, bai ga abin da ya fito ba. Abin da ka gaya masa kaɗai ya sani. Idan ka ce masa "Yaya, wayata ta ƙi yi, ka taimaka," ka ɗora masa nauyin yi maka tambaya biyar ko shida kafin ma ya san inda ciwon yake. Mai aiki a gabansa zai ce bari ya gama ya dawo kanka, daga nan sai saƙon ya nutse.

Kada ku ɗauka wannan ladabi baƙo ne da ya zo tare da kwamfuta. Magabatanmu sun san shi tun da daɗewa. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya wuce Gao inda Askiya Muhammadu, wanda ya karɓi mulkin Songhai a 1493, ya gabatar masa da tambayoyi. Abin lura a tambayoyin nan shi ne, Askiya bai tsaya ga neman hukunci a dunƙule ba. Ya zayyana halin ƙasarsa dalla-dalla, ya faɗi yadda wasu masu kiran kansu malamai suke, ya bayyana yadda Sonni Ali ya tafiyar da mulki kafin shi, sannan ya nemi fatawa a kan abin da ya bayyana. Shi ya sa amsoshin suka fito da ƙarfi har ake karanta su bayan shekara fiye da 500, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma ya kafa hujja da su a rubuce-rubucensa. Haka nan Yakubu, Sarkin Bauchi na farko, ya aika wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tambayoyi, Bello ya amsa su a rubuce. An kuma san Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa, da ƙin tambayoyin da ake ƙirƙira a kan abin da bai auku ba. Ya fi son a kawo masa abin da ya faru a zahiri. Sarki guda mai dakaru ya zauna ya tsara bayani kafin ya tambayi malami, ɗalibin da ke neman a buɗe masa shafin rajista shi ya fi cancanta da yin hakan.

Rabon mai tambaya yana farawa ne da karanta abin da na'ura ta rubuta masa. Ruwa ba ya tsami banza, kuma na'ura ba kasafai take tsayawa ba tare da ta faɗi dalili ba. Ku dubi yarinya ko saurayin da ke zaune da POS a ranar kasuwar Getso. Mutum ya miƙa kati, an danna, rasit ya fito da alamar ciniki bai yiwu ba, sai mai kati ya fara faɗa, mai POS ya ɗauki waya ya kira ubangidansa yana cewa injin ya lalace. Alhali a jikin wannan 'yar takarda akwai lamba mai bayyana komai. Lamba 51 tana nufin kuɗin da ke asusun bai kai abin da ake son cirewa ba. Lamba 55 tana nufin an sa lambar sirri ba daidai ba. Lamba 91 tana nufin ba a samu bankin mai katin ba a wannan lokacin. Matsala uku ce daban-daban, maganinsu uku ne daban-daban, kuma babu ko ɗaya da ke nufin injin ya lalace. Wanda ya karanta rasit kafin ya kira, sau da yawa ba ya ma bukatar kiran. Idan kuma an cire wa mai kati kuɗi alhali ciniki bai yiwu ba, abin da banki zai nema shi ne ranar, da lokacin, da adadin kuɗin, da lambar shaidar da ke jikin rasit. Wanda ya dunƙule takardar ya jefar cikin fushi, ya jefar da hujjarsa. Mai koyon rubuta manhaja da Python ma haka ne: idan shirinsa ya tsaya, layin ƙarshe na saƙon yana faɗin irin kuskuren, na samansa kuma suna nuna layin da ya faru. Yaro ya ga jan rubutu da Turanci sai gabansa ya faɗi ya rufe, alhali amsar ce aka ajiye masa a gaba.

Idan ka karanta, ka gwada abin da za ka iya, abu bai warware ba, to lokacin tambaya ya yi, kuma akwai abu huɗu da bai kamata saƙonka ya rasa ba: abin da kake son yi, abin da ka yi daki-daki, abin da ya fito kalma da kalma, da irin na'urar da kake aiki da ita. Manomin da ya san abin da yake yi, idan tsutsa ta faɗa wa masararsa, ba ya zuwa wurin malamin gona hannu biyu yana cewa gonata ba lafiya. Yana tsinko ganyen da aka ci, ya kamo tsutsar a leda, ya faɗi kwanan shukar da maganin da ya riga ya fesa. Haka za ku yi da na'ura. Ku ɗauki ɗalibar da ke neman lambar fara rajistar JAMB, wadda ake samu ta hanyar tura kalmar NIN da lambobin nan goma sha ɗaya zuwa 55019 ko 66019. Idan ta rubuta wa yayanta "JAMB ɗina ya ƙi," ba ta ba shi komai ba. Idan kuwa ta ce, "Yaya, ina neman lambar rajista, na tura NIN ɗina zuwa 55019 sau biyu da safiyar yau daga layina na kaina, akwai kati a layin, ga hoton saƙon da suka dawo min da shi, kuma ban taɓa yin rajista da wannan layin ba," to cikin minti ɗaya zai gane ko tazarar da ke tsakanin kalma da lamba ce ta ɓace, ko matsalar daga bayananta na hukumar katin ɗan ƙasa take. Saƙo na biyu ya fi na farko tsawo, amma shi ne ya fi rage wa kowa wahala. Gani ya kori ji: hoton fuskar waya ɗaya ya fi saƙon murya na minti biyar, domin masani zai iya duba hoto yana tsakiyar aiki, murya kuwa sai ya sami wuri ya saurara, in lamba ta wuce shi ya sake komawa baya.

Akwai kurakurai biyu da ke ɓata tambayar da ta ɗauko hanya mai kyau. Na farko shi ne cakuɗa abin da ka gani da abin da kake zato. "Wayata tana mutuwa idan caji ya sauko kashi talatin" abu ne da ka gani. "Wayata ta kamu da bairos" zato ne. Idan ka miƙa zato a matsayin tabbas, ka kautar da mai taimakonka daga hanya, ya ɓata lokaci yana neman abin da babu, alhali wataƙila batir ne ya gaji. Faɗi abin da ka gani tukuna, in kana da zato ka biyo da shi, ka kuma ce zato ne. Na biyu ya fi wannan haɗari, wato tambaya a kan matakin da ka zaɓa wa kanka tare da ɓoye ainihin bukatarka. Saurayi zai tambayi yadda ake yi wa waya fomatin, a nuna masa, ya yi, sai daga baya a gane cewa abin da ke damunsa shi ne wayar ta cika ba ta karɓar sabon hoto. Da ya faɗi haka tun farko, da an ce ya share bidiyon da suka taru a WhatsApp ko ya sa katin ajiya. Yanzu kuwa lambobin mutane sun tafi, hotunan takardun makaranta sun tafi, in kuma ya manta kalmar sirrin asusunsa na Google, wayar ma tana iya ƙin buɗe masa. Wanda ya amsa bai yi laifi ba, abin da aka tambaye shi ya amsa.

Cikakken bayani yana da iyaka, kuma wannan iyakar ku riƙe ta da kyau. Lambar sirrin katinka, da lambar wucin gadi da banki ke turowa lokacin ciniki, da lambobi ukun da ke bayan kati, da kalmar sirrin asusunka, babu matsalar da warware ta ke bukatar ka faɗe su ga wani. Bankin kansa ba ya tambayar su ta waya. Kafin ka tura hoton fuskar waya ko na rasit, duba ko BVN ɗinka ko cikakkiyar lambar katinka ta fito a ciki, ka rufe ta. 'Yan damfara sun fi samun sa'a a kan mutumin da ke cikin ruɗani yana neman mai ceto, domin a lokacin ne yake miƙa duk abin da aka ce ya miƙa. Duk mai taimakon da ya ce sai ka karanto masa lambar da aka turo maka, ka katse maganar nan take.

Na san wasu za su ce wannan tsari ya saɓa wa tarbiyyarmu. Mu Hausawa ba ma faɗa wa babba da bukata kai tsaye, sai an yi sallama, an gaisa, an tambayi iyali da gajiya. Wannan gaskiya ne, kuma ba na kiran kowa ya bar gaisuwa. Abin da nake cewa shi ne a haɗa gaisuwar da bukatar a saƙo guda. A zaure, gaisuwa tana ɗaukar minti biyu domin kuna fuskantar juna. A waya, idan ka tura "Salamu alaikum" ka tsaya, ya amsa bayan awa uku, ka tura "Ina wuni" ka tsaya, sannan ka ce "Don Allah ina da tambaya," yini ya ƙare ba a zo kan magana ba, ga shi a ƙauyukanmu sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Ka yi sallama, ka gaida shi da sunan da ya dace, Malam ko Yaya ko Baba, ka nemi afuwar shiga lokacinsa, sannan ka zuba bayaninka a ƙasa. Girmamawa ta gaskiya ita ce ka sauƙaƙa wa babba aikin da kake roƙon ya yi maka. Kunyar da ke sa mutum ya ɓoye cewa shi ne ya danna wani abu kafin wayar ta rikice, ko ya ce ya gane alhali bai gane ba, ba ta cikin kunyar da ake yabo. Tana tsawaita wahala ne kawai.

Wasu kuma za su kawo hujjar da ta fi wannan nauyi. Za su ce wanda bai sani ba, ta yaya zai tsara tambaya? Ai rashin sanin ne ya kawo shi, kuma irin waɗannan sharuɗɗa su ne mafakar masu rowar ilimi, su kori na ƙasa da su da sunan bai iya tambaya ba. A cikin wannan magana akwai gaskiya. Akwai masu sani da ke wulaƙanta mai koyo, akwai masu gyara da ke ɓoye wa yaransu sirrin sana'a don kada su tsaya da ƙafarsu, kuma addininmu ya yi gargaɗi mai tsanani a kan ɓoye ilimi. Mai sani yana da nasa ladabin da za a tambaye shi a kansa. Amma ku lura, babu ko ɗaya cikin abubuwa huɗun da na lissafa da ke bukatar sanin kwamfuta. Faɗin abin da kake so, da abin da ka danna, da abin da ya fito, da sunan wayar da ke rubuce a bayanta, duk wanda ke da ido da haƙuri zai iya, kuma da Hausa tsantsa. Ba a neman ka san sunan ciwon, ana neman ka nuna inda yake yi maka zafi ne. Wanda rubutu ke yi wa wuya ya yi saƙon murya gajere, ya haɗa da hoto. Kuma idan zaɓi ya kasance tsakanin tambaya mara tsari da yin shiru, to ku yi tambayar, domin rashin sani ya fi dare duhu. Sai dai ba dole ba ne zaɓin ya tsaya a nan, tunda gyara tambaya bai wuce aikin minti biyar ba.

Akwai kuma masu cewa zamanin roƙon mutane ya wuce, tunda ga Google, ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu amsa kowace tambaya ba gajiya ba tsaki. Lallai ku yi amfani da su, su ne ma matakin farko kafin ku ɗaga wa kowa hankali. Kwafe saƙon kuskure kamar yadda yake a sa shi a wurin bincike yana warware matsaloli da yawa, domin da wuya ka zama mutum na farko da abin ya faru da shi. Amma waɗannan manhajoji sun ƙara tabbatar da maganata ne. Abin da ka ba su shi suke juyawa. Ka ba su tambaya a dunƙule, su ba ka amsa a dunƙule, wani lokaci ma su ba ka amsar da ba daidai ba cikin cikakkiyar natsuwa. An san Imamu Malik da yawan cewa bai sani ba idan bai tabbatar ba, har malamai suka ɗauki hakan a matsayin alamar zurfin iliminsa. Na'ura ba kullum take da wannan tsantseni ba. Saboda haka wanda bai iya bayyana matsalarsa ba zai sha wahala a hannun mutum, ya sha a hannun na'ura. Idan kuma ɗan'adam ya ce maka bai sani ba, ka gode masa, ya fi maka wanda zai yi maka kame-kame a kan wayarka ko kuɗinka.

Ladabin bai ƙare da tura tambaya ba. Idan ka tura, ka ba mutum lokaci. Kiran waya sau bakwai a jere da rubuta "gaggawa" ba sa sa a amsa da wuri, gaggawar taka ce, shi yana da tasa. Idan ya ce ka gwada abu, ka gwada shi yadda ya faɗa, abu ɗaya a lokaci guda, ka dawo ka faɗi abin da ya fito, ko da bai yi ba. Idan ya nuna maka inda za ka karanta maimakon ya yi maka da hannunsa, kada ka ji haushi, ya ba ka abin da zai amfane ka gobe ne. Idan kuma abu ya warware, ka koma ka gaya masa cewa ya yi, ka faɗi matakin da ya yi aiki. Yaba kyauta tukwici, kuma wannan bayanin shi ma ilimi ne gare shi, domin da shi zai taimaki na gaba. Da yawa sukan ɓace da zarar bukata ta biya, sai wata matsalar ta taso su sake ɓullowa, sannan su yi mamakin yadda amsa ta yi sanyi. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta kowace matsala da maganinta, don kada ka tambayi abu ɗaya sau uku.

Ƙannena, yankinmu yana da makarantar nazarin muhalli a Gwarzo, yana da babbar makarantar tarayya a Kabo, kuma ayyukan da ke jiran ku a gaba, daga asibiti har gona, kusan duk za su bi ta na'ura. Babu wanda zai san komai a wannan fage, manyan masana ma kullum cikin tambayar junansu suke. Wanda ya iya tambaya zai riƙa samun malamai a duk inda ya shiga, har wata rana a wayi gari shi ake tambaya. Idan wannan ranar ta zo, ku tuna da yaron da zai aiko muku da "ta ƙi yi," ku koya masa yadda ake tambaya cikin sauƙin hali, kada ku yi masa shiru. Kafin nan, duk lokacin da na'ura ta tsaya muku, ku karanta abin da ta rubuta, ku gwada abin da za ku iya, ku rubuta bayaninku cikakke, ku ɓoye lambobin sirrinku, sannan ku yi sallama ku tambaya. Allah ya ba ku ilimi mai amfani, ya sa ku amfanar da na bayanku.